Babi na Bakwai: Daga Ɗalibi Zuwa Ɗan Takara

A jami'o'in Amurka, samun gurbin karatun digiri na uku daban, zama ɗan takarar digirin daban. Wanda aka ɗauka ɗalibi ne kawai, kuma a haka zai zauna shekara biyu ko uku, wani ma huɗu, yana shiga aji, yana koyar da 'yan aji ɗaya don a ɗauke masa kuɗin makaranta. Sai ya kammala darussa, ya haye wata babbar jarrabawa ta tankaɗe da rairaya, malamai uku zuwa biyar sun yarda su zama kwamitin da zai duba bincikensa, sannan a cike takarda, kowa ya sa hannu, a tura ofishin da ke kula da manyan digirori. Daga ranar matsayinsa ya canza a rajista. Ba a taro, ba a sa alkyabba, ba a gayyatar iyaye. Iyaka dai shugaban sashe ya aiko da imel na taya murna.

Duk da wannan rashin armashi, takardar tana da nauyi, kuma har a aljihu ake jin nauyin. A Jami'ar Kalifoniya, mai rassa daga Berkeley har Santa Barbara, ɗalibin da ya zo daga ƙasar waje ana ɗora masa ƙarin kuɗin baƙunta na kusan dala dubu 15 kowace shekara. Da zarar ya zama ɗan takara sai a ɗauke masa wannan kuɗi na tsawon shekara uku. Shi ya sa malamin da ke biya wa ɗalibi daga asusun bincikensa yakan fi ɗalibin ƙosawa a wuce wurin. Jami'ar Columbia kuwa digiri guda take bayarwa a wannan gaɓa, wanda ake kira M.Phil. A jami'o'inmu na Zariya da Kano abin da ya fi kama da shi shi ne ranar kare tsarin bincike, wadda ɗalibai ke ce wa difens, ko da yake na Amurka ya ƙunshi fiye da haka.

Tsarin bai bar kowane fanni ba, daga lissafi har adabi. Amma a reshen ilimin halayyar ɗan Adam da ke horar da masu ba da shawara, tambayar da kwamiti ke amsawa ta fi ta sauran wuya. A sashen tarihi abin da ake son sani shi ne ko ɗalibi zai iya bincike. In an yi kuskure an yaye rago, iyakar ɓarnarsa ya wallafa littafi maras kan gado, masana su yi masa raddi. Mai ba da shawara kuwa ɗaki zai shiga ya rufo ƙofa, daga shi sai matar da ɗanta ya rasu watan jiya, ko saurayin da ya fara tunanin hallaka kansa, su yi minti hamsin babu mai ji, babu mai gani. Waɗannan mutane ba su san ana zaman kwamiti ba, ba su da wakili a ciki, wasunsu ma musibar da za ta kawo su ba ta same su ba tukuna. Amma su ne za su kwana ciki idan malamai suka ji nauyin ɗalibi, suka sa hannu alhali hankalinsu bai kwanta da shi ba.

Kuma nan ne wuri na ƙarshe da cewa a'a ke da sauƙi. Bayan takara, sashe ya riga ya zuba shekaru da kuɗi, malamin da ke duba ɗalibin ya jingina sunansa da nasa, kowa so yake ya ga an gama an rabu lafiya.

Taura biyu

Fannin ba a asibiti aka haife shi ba. A 1908 Frank Parsons ya buɗe wani ƙaramin ofishi a Boston don taimaka wa matasa, da yawansu 'ya'yan baƙi 'yan ci-rani, su zaɓi sana'ar da ta dace da su. Daga nan aikin ya shiga makarantu da jami'o'i, musamman Jami'ar Minnesota, inda E. G. Williamson ya gina shi a kan gwaje-gwajen auna basira da sha'awa. A farkon shekarun 1940 Carl Rogers ya juya akalar, ya ce mai ba da shawara ya rage umarni ya ƙara sauraro. Sai ga Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, miliyoyin sojoji suka dawo gida, dokar 1944 ta buɗe musu ƙofar jami'a, wasu na neman sana'a, wasu ba sa iya barci. Hukumar kula da tsofaffin sojoji ta buƙaci ƙwararru da gaggawa, ta zuba kuɗi a horar da su. A 1946 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, APA, ta ware wa wannan aiki reshenta na 17.

Abin da ya shata wa ɗaliban yau hanya shi ne wani taro da aka yi a Boulder, cikin jihar Kolorado, a 1949. Taron na masu aikin asibiti ne, amma masu ba da shawara suka rungumi matsayarsa bayan nasu taron na Jami'ar Northwestern a 1951. Matsayar ita ce mutum ɗaya ya zama masanin kimiyya mai bincike, ya kuma zama mai duba mutane. Hausawa na cewa taura biyu ba ta taunuwa, 'yan Boulder suka ce dole a tauna. Ba kowa ya yarda ba; a 1973 wani taro a Vail ya goyi bayan digirin Psy.D., wanda ya fi karkata ga aiki. Amma yawancin sassan ba da shawara sun ci gaba da bin Boulder, don haka mai neman takara ana auna shi ta fuska uku: abin da ya sani, binciken da zai yi, da yadda yake idan an bar shi da mutum a ɗaki.

Na farkon shi ne jarrabawar. Kowane sashe da yadda yake yin tasa. Wasu kwana biyu ake zama ana rubutu ba littafi ba intanet. Wasu a ba ka tambayoyi ka tafi gida ka dawo da amsa bayan mako ɗaya ko biyu. Wasu sun daina jarrabawar zama gaba ɗaya, sai dai ɗalibi ya tara shaidar aikinsa: maƙalar da ya tura mujalla, takardar da ya gabatar a taro, rahoton wani da ya duba. Sau da yawa akan biyo da ta baka, inda malamai ke bin amsoshin suna tono wuraren da aka yi tsalle. Abin da ake tambaya ya haɗa da ra'ayoyin manyan malaman fannin, da nazarin zaɓen sana'a irin na John Holland, wanda ya kasa mutane da ayyuka gida shida, da na Donald Super, da ƙididdiga, da gwaje-gwaje irin su MMPI, da dokokin aiki. A yawancin sassa dama biyu ake bayarwa. Wanda ya faɗi ta biyu ya gama.

Tambayar dokokin aiki da wuya ta rasa warin shari'ar Tarasoff. A 1969 wani ɗalibi a Berkeley ya shaida wa masanin da ke ganinsa a asibitin jami'a cewa zai kashe wata budurwa 'yar gidan Tarasoff. Masanin ya sanar da 'yan sandan jami'a, suka tsare ɗalibin na ɗan lokaci, suka ga kamar yana cikin hayyacinsa, suka sake shi. Ba wanda ya gaya wa yarinyar ko iyayenta. Bayan wata biyu ya kashe ta. A 1976 Kotun Ƙolin Kalifoniya ta yanke cewa riƙe sirri yana da iyaka, kuma akwai nauyin kare wanda ake yi wa barazana. To amma dokar ba ɗaya ba ce a ko'ina. Kotun Ƙolin Texas ta ƙi ɗora irin wannan nauyi a 1999. Saboda haka ɗalibin da ya haddace Tarasoff kaɗai bai tsira ba. Ana so ya san dokar jihar da yake zaune, ya san wa zai kira, ya kuma san yadda zai faɗa wa mai neman shawara tun zaman farko cewa ba kowane sirri ne zai iya riƙewa ba.

Na biyu shi ne tsarin bincike, wanda yawanci babi uku ne na farkon kundi: matsalar, abin da magabata suka rubuta, da hanyar da za a bi. A wasu jami'o'in sai an kare shi ake zama ɗan takara, a wasu kuma bayan takara yake zuwa. Ɗalibai suna tsoron ranar, amma a gaskiya garkuwarsu ce. Abin da kwamiti ya sa wa hannu ya zama yarjejeniya. Ba wanda zai zo bayan shekara biyu ya ce da ma wata tambayar aka bi. Bayan nan sai neman izinin kwamitin da ke kare haƙƙin mutanen da za a yi bincike a kansu, irin kwamitocin da dokar 1974 ta wajabta bayan tonon asirin binciken Tuskegee, inda aka bar ɗaruruwan baƙaƙen fata da ciwon tunjere shekara arba'in ba magani.

Abin da faifai ke nunawa

Waɗannan biyun, jarrabawa da tsarin bincike, suna da sauƙin karewa, don akwai takarda, akwai maki. Sai dai in za a faɗi gaskiya, su ne suka fi nisa da abin da zai amfani matar nan da ɗanta ya rasu. A 1979 Hans Strupp da Suzanne Hadley sun wallafa wani bincike da suka yi a Jami'ar Vanderbilt. Sun raba samari ɗalibai masu fama da damuwa: wasu aka tura su wurin ƙwararrun masu jinya ta hanyar zance, wasu wurin malaman jami'a na wasu fannoni waɗanda aka san su da iya zama da ɗalibai amma ba su da horo. A jimlace, sauƙin da ɓangarorin biyu suka samu bai bambanta sosai ba. Binciken ƙarami ne, kuma ba masu ciwo mai tsanani aka gwada ba, don haka kada a ɗora masa abin da ba zai iya ɗauka ba. Amma ya bar wa fannin tambayar da har yau ba ta daina damunsa ba: in ilimin littafi ba shi ne ke kawo sauƙin ba, me ake aunawa a jarrabawa?

Wani zai ce a tambayi ɗalibin, ai ya san kansa. Bai sani ba, kuma malamansa ma ba su san nasu kan ba. A wani bincike da Steven Walfish da abokan aikinsa suka wallafa a 2012, an tambayi masu wannan sana'a su kwatanta kansu da takwarorinsu. Kashi ɗaya cikin huɗu suka sa kansu a sahun goma na sama cikin ɗari, kuma ba ko mutum ɗaya da ya ce shi ƙasa da matsakaici yake. A 2016 Simon Goldberg da wasu masana, cikinsu har da Bruce Wampold na Jami'ar Wisconsin, suka bi sakamakon masu jinya 170 da mutane sama da 6,500 da suka duba. Ba su ga alamar cewa daɗewa a aiki kaɗai na ƙara ƙwarewa ba. A jimlace ma ɗan ja baya kaɗan suka gani. Wannan ya rushe hujjar da malami mai tausayi ya fi so, wato a bar shi ya wuce, zai gyaru da kansa in ya fara aiki.

Abin da ya rage shi ne a kalli aikin da ido. Nan ma Rogers ne ya buɗe hanya. Da ya koma Jami'ar Jihar Ohayo a 1940, shi da ɗalibansa suka fara ɗaukar zaman shawara a faifan garmaho, kuma littafinsa na 1942 ya fito da cikakken rubutun zama takwas da aka yi da wani mutum da aka sakaya sunansa. Kafin nan abin da ya faru a ɗaki sai abin da mai jinya ya ga damar faɗa. Yau kusan kowane sashe yana da ɗan asibitin koyo, da kyamara a kusurwa ko madubin da ake gani ta bayansa, kuma mai neman shawara yana sa hannu cewa ya yarda a ɗauka. Kowane mako ɗalibi yakan zauna awa guda da malamin da ke duba aikinsa, su kunna bidiyo.

A misali, mace ta ce tun da mahaifiyarta ta rasu ba ta iya barci. Ɗalibi ya ce, awa nawa kike samu a dare? Sai malama ta tsayar da bidiyon ta tambaye shi: ina mahaifiyar ta tafi? Tambayar da ya yi ba laifi ba ce, tana ma cikin littafi. Amma an miƙo masa abu biyu, mutuwa da barci, ya ɗauki mai sauƙin. In sau ɗaya ne, ba komai. In aka ga duk lokacin da hawaye ya taho sai ya kawo tambayar lissafi, to an gano wani abu game da shi wanda ba jarrabawar da za ta nuna. Daga nan abin da malama ke jira ta gani shi ne yadda zai karɓi maganar. Wani zai yi shiru, ya ce a mayar da bidiyon baya ya sake gani. Wani zai kawo dalili biyar da suka sa shi ne da gaskiya. Malaman fannin sun fi tsoron na biyun a kan ɗalibin da bai iya komai ba tukuna, don rashin iyawa ana koyar da maganinsa.

Awannin ma ƙidaya su ake yi. A matakin digiri na biyu, hukumar CACREP, wadda aka kafa a 1981, ta gindaya awa 100 na gwajin farko da awa 600 na horon aiki, kuma a ciki awa 40 da awa 240 dole su zama gaba da gaba da masu neman shawara. Jami'o'in jihar Kalifoniya har a wannan mataki suna da tasu takarar, inda ake duba maki da rahoton malamai kafin a bar ɗalibi ya nufi ƙarshe. Masu digiri na uku kuwa sukan tara ɗaruruwan awanni a wurare daban-daban, kowace awa a rubuce. A 2009 Nadya Fouad da wasu masana suka fitar da ma'aunin da ya raba hanyar gida uku: shirin fara gwaji, shirin tafiya horon shekara, da shirin fara aiki da kai. Takara tana faɗowa ne a bakin na biyu.

Wa ya isa ya auna hali?

Nan ne rigima take. Ɗalibi yana da maki mafi kyau a aji, ya biya kuɗi ko ya ci bashi, sai a ce masa ba zai wuce ba don ba ya karɓar gyara, ko don mutane ba sa sakin jiki da shi. Me zai hana ya tafi kotu? Wasu sun tafi. Shari'ar da ake yawan jingina da ita ba ta wannan fanni ba ce, ta wata ɗalibar likitanci ce a Jami'ar Misuri, Charlotte Horowitz, wadda takardunta ba su da aibi amma malamai suka koka da yadda take mu'amala da marasa lafiya da abokan aiki. Kafin a sallame ta an sa likitoci bakwai sun gwada ta: biyu suka ce a yaye ta, biyu suka ce a kore ta nan take, uku suka ce a ƙara mata lokacin gwaji. A 1978 Kotun Ƙolin Amurka ta goyi bayan jami'ar, ta ce hukuncin malamai kan cancantar ɗalibi ba irin hukuncin ladabtarwa ba ne, ba sai an yi zaman shari'a ba, muddin an sanar da ɗalibi matsalar kuma an yanke hukuncin da natsuwa.

Kotu ta ba malamai wuƙa, amma a dubi yadda likitocin nan bakwai suka rabu gida uku a kan mutum ɗaya. Auna hali ba kamar auna maki ba ne, kuma son zuciya yana da wurin ɓuya a ciki. Ɗalibin da ya taso inda kallon babba cikin ido rashin kunya ne, za a iya rubuta masa cewa yana ɓoye-ɓoye. Wadda aka koya mata cewa ba a musu da malami, za a iya cewa ba ta da ra'ayin kanta. In kuma ta koyi musun, a ce ba ta karɓar gyara. Abin mamaki, wannan fanni shi ne ya fi kowane reshe da'awar fahimtar bambancin al'adu. Daga cikinsa Derald Wing Sue ya jagoranci takardar 1982 kan wannan batu, sannan shi da Patricia Arredondo da Roderick McDavis suka faɗaɗa ta a 1992. Sanin abu a rubuce bai hana malami jin cewa ɗalibin da ya yi kama da shi shi ne mai hankali ba.

Maganin da aka samu, wanda ni ma nake ganin ba wani da ya fi shi, shi ne a tilasta wa malamai su sauko daga sifa zuwa aiki. Kada a rubuta cewa ba shi da natsuwa. A rubuta cewa ranar kaza ya makara da minti ashirin mai neman shawara na jira, cewa rahotanni huɗu ba su shigo kan lokaci ba, cewa an nuna masa abu kaza a bidiyo sau uku bai canza ba. Ƙa'idar APA ta wajabta wa sassan da ta amince da su su ba kowane ɗalibi bayani a rubuce aƙalla sau ɗaya a shekara. In akwai matsala sai a tsara takardar gyara: ga abin da ake so ya canza, ga taimakon da za a ba shi, ga wa'adi, ga abin da zai biyo baya in bai canza ba. Ɗalibin da ya fara jin matsalarsa ranar da aka hana shi takara an zalunce shi, ko da hukuncin daidai ne.

Akwai kuma iyakar da aka sa wa malaman. Masu wannan sana'a sun iya tono cikin mutum, kuma ɗalibi ba shi da ikon cewa a'a ga wanda ke riƙe da makinsa. Don haka kundin ɗa'a na APA na 2002 ya hana a tilasta wa ɗalibi bayyana sirrinsa, kamar cin zarafin da aka taɓa yi masa ko jinyar da ya taɓa yi ko zamansa da iyalinsa, sai in an faɗa masa tun kafin ya shiga cewa karatun ya ƙunshi haka, ko kuma matsalar tana hana shi aiki ko tana barazana ga wasu. In sashe ya wajabta wa ɗalibai su ma su je a saurare su, dole a bar su su zaɓi wanda ba shi da alaƙa da sashen, kuma malamin da ke ba da maki ba zai zama shi ne mai sauraron ba.

Mafi zafin rigingimun su ne waɗanda suka taɓa addini. A 2009 Jami'ar Eastern Michigan ta sallami Julea Ward, ɗalibar digiri na biyu, Kirista, bayan ta nemi a mayar da wani mai neman shawara ga wani ɗalibin saboda batun mu'amalar jinsi ɗaya, wadda ta ce imaninta bai bar ta ta goyi baya ba. Kotun farko ta ba jami'a gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta dawo da shari'ar a 2012, daga bisani aka sasanta a kan dala 75,000. A wata shari'a mai kama da ita a jihar Jojiya, kotun ɗaukaka ƙara ta tsaya a bayan jami'a a 2011. A 2014 ƙungiyar masu ba da shawara ta Amurka, ACA, ta fayyace a kundinta cewa ba a tura mutum gaba don kawai aƙidar mai ba da shawara ta saɓa da rayuwarsa. Hujjarsu ita ce ba a neman ɗalibi ya bar imaninsa, ana neman ya iya zama da wanda ya zo a matse ko da bai yarda da hanyarsa ba, kamar yadda likita ke yi. Masu suka na cewa layin bai kai haka sauƙin shatawa ba. Duk mai riƙo da addini da ke shirin wannan karatu a can, Musulmi ne ko Kirista, gara ya karanta littafin dokokin sashen tun kafin ya karɓi gurbi, ya san da me zai yi karo.

Bayan an wuce

Da an zama ɗan takara sai duniya ta yi tsit. Babu aji, babu ranar miƙa aiki, babu wanda zai lura in ka yi wata guda ba ka buɗe kundin ba. Amurkawa na kiran masu wannan hali da haruffa uku, ABD, wato an gama komai sai kundi, kuma wasu a nan suke tsufa. Wani nazari da majalisar makarantun manyan digirori ta Amurka ta fitar a 2008 ya nuna kusan kashi 57 cikin ɗari ne kawai na masu fara digiri na uku, a duk fannoni, suke gamawa cikin shekara goma. Shi ya sa jami'o'i ke sa wa takara wa'adi. A Stanford shekara biyar ce. A wasu wuraren in wa'adin ya cika ba a gama ba, sai an nemi ƙari, ko ma a sake zama jarrabawar da aka ci tun da daɗewa.

Ɗalibin ba da shawara yana da wani abin da ke tura shi gaba wanda mai karatun tarihi ba shi da shi. Ba a ba shi digiri sai ya yi horon shekara guda cur, kimanin awa 2,000, a asibiti ko cibiyar shawara ta wata jami'a ko gidan yari, sau da yawa a wata jiha. Ƙungiyar APPIC ce ke raba guraben. Ana tura takardu wajen Nuwamba, a yi ganawa a Disamba da Janairu, ɗalibai su jera wuraren da suke so, wuraren su jera ɗaliban da suke so, kwamfuta ta haɗa, sakamako ya fito a Fabrairu. Tun 1999 ake yi da kwamfuta, da irin lissafin da ake raba sababbin likitoci da shi, wanda yana cikin aikin da ya jawo wa Alvin Roth da Lloyd Shapley kyautar Nobel a 2012. Inda aka tura ka nan za ka je, ba ja da baya. A wajajen 2012 masu nema sun fi gurabe yawa da sama da dubu ɗaya, kodayake abin ya yi sauƙi daga baya. Kafin a shiga wannan layi sai daraktan horo na sashe ya sa hannu cewa ɗalibin ya shirya, kuma sassa da yawa ba sa sa hannun sai an ci jarrabawa an kare tsarin bincike. Mai wayo yakan tattara bayanan bincikensa kafin ya tafi, don wanda ke ganin mutane awa arba'in a mako ba ya dawowa gida da ƙarfin rubuta babi na huɗu. Bayan digiri kuma akwai jarrabawar lasisi ta EPPP mai tambaya 225, da ƙarin awannin aiki ƙarƙashin kulawa a jihohi da dama.

Saura waɗanda ba su wuce ba. Ba kasafai ake kora kai tsaye ba. Abin da aka fi yi shi ne a kira ɗalibi ofis, a yi masa magana mai laushi, a nuna masa cewa zai fi masa alheri ya karɓi digiri na biyu ya tafi. In matsalarsa ƙididdiga ce ko rubutu, wannan adalci ne, kuma da yawa daga irinsu sun zama masu ba da shawara nagari. Amma in matsalar ita ce abin da aka gani a bidiyo, to sulhun ya kare sashen ne kawai daga shari'a. Takardar da zai fita da ita ba ta faɗi dalilin tafiyarsa ba. A wasu jihohin wannan digiri na biyu, in an cika darussan da hukumar lasisi ke nema aka ƙara awannin kulawa, ya isa a ba shi lasisin ba da shawara, ya kama ofis, ya fara karɓar mutane.